Sarewar Mai Tsagaggen Leɓe

Nélida na goge sarewun babanta a rumfarsu ta bakin tashar jiragen ruwa a garin Puno na gefen tafki lokacin da saurayin ya shigo. Wilber sunansa, direban babur mai ƙafa uku ne. Ya naɗe rabin fuskarsa da mayafin ulu duk da rana ta take.

"'Yar'uwa, sarewa nake so, ta masu koyo."

"Sai ka gwada. Ko da mayafin za ka busa?"

Ya jima kafin ya sauke shi. Da tsagaggen leɓe aka haife shi, ɗinkin da aka yi masa yana jariri ya janye leɓen gefe guda. Ya kafa sarewar ya hura. Iska kawai ta fita, fuuu.

Samarin da ke bakin rumfar suka tuntsure da dariya. Efraín, na hannun daman babanta a ƙungiyar busa, ya ce, "Zomo, karas ya kamata ka nema!"

Nélida ba ta dara ba. Ta matsar masa da sarewar zuwa gefen bakinsa mai lafiya.

"Nan za ka sa. Hura a hankali, kamar miya ta yi maka zafi."

Sauti ya fito, siriri, yana karkarwa. Suka haɗa ido, ita ta fara kawar da nata.

Waƙar wani tsohon fim ɗin kaboyi yake so, wadda duk tsohon garin ya sani. Marigayi babansa yakan yi fitonta yana ɗinkin raga, shi kuwa bai taɓa iya fito ba.

Babanta, Don Saturnino, ya hana ta busa tun tana ƙarama, wai macen da ta busa sarewa nononta ƙafewa yake. A ɓoye ta koya, a ɓoye kuma ta riƙa koya wa Wilber da la'asar a cikin dogayen ciyayin bakin tafki. Gangarowar da ke tsakiyar waƙar ta fi ba shi wuya, sai ta riƙe masa yatsu a kan ramukan har su zauna.

Saƙonninsa ba sa yankewa.

"Kurciyata, yau na kai tsakiyar waƙar ban tsaya ba. Fasinja ya jira ni har ya yi fushi ya tafi."

Takan amsa, "Wilito nawa, kar ka kori fasinjoji, da me za ka aure ni? Gobe ka zo da soyayyen kifi, ni ma malama ce."

Efraín ne ya kai ƙara, don tuni Don Saturnino ya yi masa alkawarinta. Tsohon bai yi faɗa ba. Da fara'a ya ce, "Ki ce wa yaron ya zo wurin atisaye ranar Asabar, in ji yadda yake busa."

Don murna Nélida har rungume babanta ta yi.

Wilber ya zo da farar riga, babu mayafi. Tsakar gidan Don Saturnino cike da mabusa da matansu. Efraín ya karɓi sarewarsa wai zai duba ta, ya cusa mata tauraren ganyen koka, wanda mutanen garin ke taunawa kamar goro, a ciki, ya miƙa masa.

Wilber ya hura, shiru. Ya sake hurawa har jijiyoyin wuyansa suka tashi, yawu na zubowa ta tsagar leɓen. Tsakar gida ta ɗauki ihu.

Don Saturnino ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Kun dai gani. Bakin da ya kasa riƙe iska shi zai riƙe 'yata? Yaro, ba na son jikokin da za a riƙa nunawa a kasuwa. Ga ƙofa."

Kafin magariba bidiyon da aka ɗauka a wurin ya zagaye wayoyin garin. Efraín ya haɗa shi da wani tsohon hoton Nélida tana ƙyaƙyata dariya a wurin biki, kamar a wurin ta yi.

Saƙon Wilber ya shigo.

"Na gode da darasi. Ashe tare kuka shirya. Ki auri mai cikakken baki, ki manta kin taɓa sanin zomo."

Ta kira, ya kashe wayar. Ta fito tsakar gida ta tarar babanta ya jefa sarewar da Wilber ya bari a murhu. Ta zura hannu cikin wutar ta fizgo ta.

"Baba, ba ku ji tsoron Allah ba?"

Ya wanke ta da mari. "In kin bi shi, ba ki da uba."

Washegari ta sami Wilber a layin masu babur, mayafin ya koma fuskarsa. Abokan aikinsa na yi masa fuuu, fuuu da baki. Ya gan ta ya juya baya.

"Kin zo ƙarasa dariyar?"

Ta ajiye sarewar a kan kujerar babur ɗin. Gindinta ya ƙone, ganyen kokan na leƙowa daga ciki. Sai a lokacin ya lura da hannunta, yatsu uku sun tashi sun yi ruwa.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Wuta ta yi wannan. Saƙonka ya yi wanda ya fi shi." Hawaye ya zubo mata. "Ko tambayata ba ka yi ba, Wilber. Su sun wulaƙanta ka, kai kuma ka sauke a kaina."

Ya durƙusa nan gaban mutane. "Kurciyata, ki yafe mini."

"Ban yafe ba tukuna. Tashi ka kai ni asibiti."

Ta koma gidan gwaggonta da zama. Hannun ya warke, amma yatsa ɗaya bai ƙara lanƙwasuwa ba, ba ta kuma sake rufe ramin sarewa da kyau ba. Wilber ya san haka, kullum ya kalli hannun sai ya sunkuyar da kai.

Aka ɗaura aurensu a wani ƙaramin coci bayan damina. Don Saturnino bai zo ba. Ya kwashi ƙungiyarsa duka ya kafa a dandalin da ke daura da cocin, suna busa da kaɗa ganguna da gayya, har sai da limamin cocin ya riƙa ɗaga murya kafin a ji alkawarin ango da amarya.

Suna fitowa sai ga Doña Eusebia, uwar amarya, ta ratso dandalin a gaban idon mijinta da ƙunshin kayanta a baya. Ya daka mata tsawa ta dawo. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Ta zuba musu yankakkun takardu masu launi a ka yadda ake yi wa ango da amarya. Ta kama fuskar Wilber da hannu biyu ta sumbaci goshinsa.

"Ɗana, ga ta nan. An cuce ku ku biyu, kada ku cuci juna. Allah Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, kowane irin baki suka zo da shi ni zan goya su."

Nélida ta dubi ƙunshin. "Mama, wannan kayan fa?"

"Ɗakinku ɗaya ne, na sani. A kicin zan kwana. Ku wuce mu tafi, miya na hucewa."