Keke Mai Sirdi Biyu

Suna tsakiyar gangaren da ke bayan gonar alkama hawaye suka rufe wa Auta ido. Keken na gudu, iska na dukan fuskarta, farin layin tsakiyar titi ya rabu biyu a gabanta. Mutum biyu a kan keke ɗaya, na baya ba ya gani, ta gaba ma yau ta bi sahunsa.

"Auta..." ya faɗa a hankali daga bayanta. "Kin daina takawa."

"Gangare ne ai."

"Tun kafin gangaren."

Ta ciji leɓe. Abin haushin keke mai sirdi biyu ke nan, sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedar gaba da ta baya. Kana iya yi wa abokin tafiyarka ƙarya da baki, amma ƙafarka sai ta tona maka asiri.

'Yan ƙungiyar masu keke suna kiran na bayan nata Mai Taswira, don shi ya zana duk hanyoyin da suke bi ran Asabar. Shekara shida ya yi yana ratsa gonakin nan da ɗan littafi a aljihu, ya san kowane tudu da kowane kwari, ya san inda kwalta ta fashe, da gidan gonar da karensu ba ya ƙaunar taya. Sai ciwon ido ya kama shi. Da farko allunan hanya ya daina karantawa, daga baya fuskokin mutane.

Ranar da ya turo kekensa shagon gyara na Baban Auta ya ce a ba duk wanda yake so, Baba ya kasa haɗiye maganar. Kwana tara ya yi yana yanka yana walda, har keke biyu suka zama ɗaya. Saura mai zama a gaba. Mazan ƙungiya kowa ya bugi ƙirji, ran Asabar kuma kowa ya tashi da uzuri. Auta, wadda ta girma cikin shagon hannunta dumu-dumu da baƙin mai, ta ce ita za ta ja shi.

Baba da hannunsa ya daidaita mata tsayin sirdi. Bawan Allah, shi taimako ya ƙera, bai san abin da ya ɗora a kan titi ba.

Wata takwas suna fita. Ita ke cewa ga rami, ga kwana, ga tarakta. Shi ke cewa ta sauke giyar keke, bayan bishiyar nan ta uku akwai hawa, kuma bai taɓa kuskure ba. Yakan tambaye ta ina masara ta kai, ta ce ta kai kafaɗarta, ya ce to ashe ba ta yi tsawo ba, ta taka birki da gangan har hular kwanonsa ta bugi bayanta. A haka son ya shige su, ba wanda ya lura da ranar da ya fara.

Sai ran Laraban nan.

Sakataren ƙungiya, wanda ya daɗe yana zarya shagon da tayoyin da lafiyarsu ƙalau don kawai ya ga Auta, ya shigo da takardar likita a ninke. Ya sa fuskar tausayi ya miƙa wa Baba, wai shi ba ya son shiga abin da ba ruwansa, amma gara a sani. Takardar ta ce idon Mai Taswira ba zai dawo ba, ɗan hasken da ya rage ma ba zai kai baɗi ba.

Baba ya karanta sau biyu, sannan ya kira ta bayan shago. Da ma faɗa ya yi, da ta samu abin mayarwa. Muryarsa a sanyaye take.

"Na yarda ki ja shi kilomita arba'in ran Asabar. Ban yarda ki ja shi har ƙarshen rayuwarki ba."

Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa. Ta ce mutum ne mai ilimi, mai zuciya, ba nauyi ba ne. Ta koma wurin Umma, Umma ta rungume ta suka yi kuka tare, amma da ta share hawaye bayan mijinta ta bi. Abin da Auta ta samu duka shi ne Asabar ɗaya, ta faɗa wa Mai Taswira maganar rabuwa da bakinta.

Ga Asabar ɗin, ga rabin hanya ya wuce, bakin ya ƙi buɗuwa.

A saman tudu na gaba ya ce ta tsaya. Suka sauka gefen titi kusa da wani shingen waya, shanu na kiwo can ƙasa, gonaki sun kwanta suna hawa suna sauka har iyakar gani. Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashinta.

"Baba ya ga takardar ko?"

Ta ɗago da sauri.

"Wa ya gaya maka?"

"Ni na ba Sakatare."

Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Ya ce ya san mutumin sarai, ya san takardar ba za ta kwana a hannunsa ba. Ya ce shi ya yi ta ƙoƙarin zuwa wurin Baba da kansa, sau uku yana kaiwa ƙofar shago ya ji muryarta a ciki ya juya.

"Me na yi maka?" ta tambaya. "Na taɓa cewa na gaji?"

"Ba ki taɓa ba, zuciyata. Ƙafarki ce take faɗa. A hawan gada ina jin yadda kike ɗauke numfashi don kada in ji. Wannan titi ne mai kwalta, Auta, kuma na san shi. Wanda ke gabana ban san shi ba."

"Sai mu koye shi tare!"

"Ba da yawun Baba ba? Mutumin da ya yi kwana tara yana ƙona hannunsa saboda ni?"

Ita ma ta san ba za ta iya taka maganar Baba ba. Baba ya yanke, Sakatare ya kai, shi kuma wanda take faɗa dominsa ashe shi ya zana hanyar tun farko, ba wanda ya ga ya dace a tambaye ta.

Ta zauna a kan ciyawa ta ce ba inda za ta. Ta rantse ba za ta ja shi zuwa inda za su rabu ba.

Ya yi ɗan murmushi mai ciwo.

"In ba ki ja ni ba, nan zan zauna har shanun nan su gaji da ni."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta fi komai zafi. Ba ta da ikon tafiya ta bar shi, ba ta da ikon riƙe shi. Ta tashi ta kaɗe jikinta ta hau.

Ta ƙudura a ranta ba za ta taka ba, ko tafiyar ta yi tsawo. Amma shi ya taka. Ya taka da ƙarfin da ba ta taɓa sanin yana da shi ba, fedarta na juyawa da ƙafafunta ko tana so ko ba ta so. Suka wuce gonar masara, suka wuce rumbunan ajiya, suka haye gada ba ta sa ƙarfi ko kaɗan ba. Abin da ya rage mata kawai ta riƙe kan keken, ta riƙa cewa ga rami, ga kwana, tana kuka.

A ƙofar gidansu ya sauka ya karɓi keken. Fuskarsa a sake, har da zolaya, wai ta riƙa duba birkin baya na duk keken da za ta hau, ta cika mantawa. Ya yi mata addu'a, ya ce ta gaishe da Baba da Umma.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan, Auta. Je ki."

Ta juya. Takalmin keke yana da ɗan ƙarfe a ƙasa, kowane taku sai ya yi ƙara a kan kwalta. Ta tafi yana jin ta, ƙwas, ƙwas, har ta sha kwanar layin. A nan ta tsaya. Ta sunkuya ta cire takalman ta riƙe a hannu, ta dawo da safa kawai, don ta ƙara ganinsa sau ɗaya.

Yana nan inda ta bar shi, ya karkata kai yana saurare. Da ya tabbata ba sauran motsi, sai murmushin ya zube. Ya laluba har hannunsa ya sami sirdin gaba, ya kifa goshinsa a kai, kafaɗunsa suka fara girgiza. Kuka yake irin na wanda ya daɗe yana riƙewa, yana kiran sunanta ƙasa-ƙasa.

Taku biyar ne tsakaninsu.

Ta buɗe baki, ta rufe. In ta yi magana ba abin da zai canza a wurin Baba, sai dai ta ƙwace masa abu ɗaya da ya yi saura, wato ya rabu da ita a tsaye kamar yadda ya so. Ta toshe bakinta da hannu, ta tsaya tare da shi har kukan ya lafa, bai sani ba.

Sannan ta koma da baya a hankali. Sai da ta yi layi uku ta sa takalmanta.