Sunan Auta a Jikin Bututu

Rigar da Dogo ya fesa wa bututun ta ɓare, kuma ba ko'ina ta ɓare ba, sai daidai inda ya rubuta sunan Auta, 'yar Maigida mai wurin aikinsu, da yatsa.

Aikinsu ke nan. Masana'antu kan kawo bututan tukunyar tururi, waɗanda wuta ke gasawa, toka mai gudu tana gogarsu. A kankare su da yashi, sannan a fesa musu narkakken garin ƙarfe da bindigar feshi. Shi suke kira riga. Doka ɗaya ce: tsakanin yashi da feshi ba a taɓa ƙarfe sai da safar hannu. Maiƙon fata kaɗai ya isa ya hana rigar kamawa.

Dogo ya san wannan sarai. Amma ranar da Auta ta fara aiki a ɗakin gwaji na mahaifinta, ta leƙo ta ga ƙatuwar hular feshi a kansa ta ce, "Malam, wannan hula ce ko bokiti ka kifa?" Ya cire hular. Shi ke nan, sonta ya kama shi.

"Zumata, yau sau biyu kika wuce ba ki kalle ni ba," ya rubuta mata.

"Na kalla mana. Bokitin ne ya tare maka."

Da maganar ta isa kunnen Maigida, ya ce a'a. Injiniyan wata masana'anta ya riga Dogo neman aurenta. "Dogo hannu gare shi," in ji shi, "amma hankalin da saura."

A wannan makon ne baƙin ciki ya sa Dogo ya zare safa, ya ja AUTA a jikin bututun da aka gama kankarewa, ya fesa riga a kai. A tunaninsa ya ɓoye sunan har abada.

Bayan watanni aka kashe tukunyar da aka sa wa bututun don dubawa, kuma ta masana'antar injiniyan ce. Ya kira su duka, har da Auta. Ga haruffa nan jajir da tsatsa, toka ta ci ƙarfen ya yi siriri. Da an ƙara mako biyu da ya fashe a kan mutane.

Injiniyan ya ɗauki hoto yana dariya. "Ashe amaryar tamu har a cikin wuta an san ta."

Auta ta ja mayafi ta rufe fuska. Maigida bai kalli kowa ba. Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ni ne, ranka ya daɗe," ya ce.

"Na sani," in ji Maigida. "Wa ke da mummunan rubutu irin wannan?"

Kwana da kwanaki Auta ba ta amsa saƙonsa ba, ya ɗauka ta gama da shi. Sai ya rubuta: "Na kunyata ki, na kunyata Baba, na kusa kashe bayin Allah. Ba amsa nake nema ba. Ki yafe min kawai."

Ta amsa: "Wawa. Kunya ce ta hana ni, ba ƙi ba. Wancan ya yi dariya da sunana a gaban ubana, kai kuwa ka ce kai ne. Amma wallahi ka sake, ni zan kai ƙararka."

Ita ta sami mahaifinta da kanta, kai a sunkuye. "Baba, ku yi haƙuri. Shi nake so."

Maigida ya sa Dogo ya shiga tukunyar ya yanke bututun, ya sake sabo. Masana'antar ta karɓa, amma ba ta ƙara kawo musu aiki ba.

Ranar ɗaurin aure tsohon ya kama hannun Dogo, ya daɗe yana kallon yatsan.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu hankalin uwarsu."

Aka fashe da dariya, aka ce amin.

"'Yata na ba ka," ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa. "Bindigar feshi kuwa ka gama riƙe ta a wurina."

Haka aka yi. Gwanin feshin da babu kamarsa a wurin ya koma ɗakin yashi, yana kankare ƙarfe yana miƙa wa waɗanda shi ya koya wa aiki. Kullum da yamma yakan dawo gida fari fat da ƙura, Auta ta tare shi da ruwa a bakin ƙofa. Bai taɓa roƙon a mayar da shi ba.