Ƙusar da Ba Ta Amsa Guduma Ba

Da hantsi aka kira Sufeto. Mace ta faɗo daga tsohuwar gadar ƙarfe, ta sauka kan duwatsun kogi, ko shurawa ba ta yi ba. Auta ce, tela, 'yar dattijon da ke kula da gadar. Kwanon abincin da ta kawo wa ubanta yana nan a sama, a rufe.

Gadar ta girmi kakan kowa a garin. Jirgin ƙasa ya bi ta, manyan motoci sun bi ta, har aka gina ta siminti aka bar ta ga masu tafiya a ƙafa. Ƙarafa ne a gicciye, ƙusoshi masu ƙoƙon kai sun riƙe su. A bana hukuma ta ce in ta tsallake gwaji za ta zama kayan tarihi, in ta faɗi a yanka ta. Ta tsallake.

Sufeto ya tsuguna inda ƙarfen dafawa ya ɓalle. Ramukan ƙusa fanko ne, fentin kewayensu kuwa sabo fil.

Dattijon, wanda kowa ke kira Baba Fenti, yana tsaye a gefe.

"Baba, ina kake lokacin?"

"Ina ƙasa, ɗana, ina kankare tsatsa. Ɓarayin ƙarfe ne suka cire ƙusoshin. Ku tambayi ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa."

Sajan ya kawo ɗan gwangwan yana rantsuwa bai taɓa taka gadar ba. A bayan shagonsa aka samu guntun ƙarfenta.

"To, na tsinta, ranka ya daɗe, a ruwa na tsinta! Amma ƙusa? Wannan ƙusar da tsatsa ta cinye, ko kyauta aka ba ni sai an haɗa mini da haƙuri. Da kansu suke zubowa."

Sufeto ya wuce ofishin injiniyan da ya yi gwajin.

"Yaya ake gane ƙusa mai lafiya?"

"Da guduma. Ka ƙwanƙwasa kanta, mai lafiya ta amsa da ƙara, matacciya ta yi shiru. Duka na buga."

"Duka? Ɗauko gudumar mu je."

Injiniya ya sauya magana. "Gaskiya rana ta yi zafi ranar. Baba ne ke gaba, inda ya nuna nan na buga."

Sufeto ya karɓi gudumar ya koma gada. Ya buga ta farko, ta amsa. Ta biyu ta amsa. Kusa da inda ya ɓalle ya buga wata, sai kan ya tsage biyu ya faɗo tafinsa. Katako ne, an sassaƙa shi kamar kan ƙusa, an liƙa a bakin rami, an shafe da fenti.

"Ɓarawo ba ya sata ya tsaya yin kwalliya," in ji Sajan.

Da la'asar suka shiga gidan makoki. Uwar Auta tana ɗaki, idonta ya bushe. Ta nuna wa Sufeto wurin zama, ya nufi wata kujera, sai ta ce, "Ba waccan ba, ɗan nan, za ta kayar da kai." Kujerar ƙafa uku gare ta, an tokare gefe ɗaya da bulo.

"Mama, ina ƙafar ta huɗu?"

"Malam ya yanke. Ya ce gara ta ci. Ni dai ban ga gara ba, amma wa ke musu da mai gida a kan kujera?"

Sufeto ya fito da guntun katakon ya kara a jikin kujerar. Itace ɗaya ne. Baba Fenti yana bakin ƙofa, ya gani. Ya zame ya zauna a ƙasa.

"Baba, wa ya sassaƙa wannan?"

"Ni ne."

Ya ci gaba da bayani.

"Kawunan suna ta zubowa. Na nemi sababbi, aka ce an daina ƙera irinsu tun kafin a haife ka. In injiniya ya ga rami, yanka ta za su yi. Ubana ya yi mata fenti, ni na gaje shi. Na ce a bari ta tsallake tukuna, gyara ya biyo baya."

"Ba ka ji tsoron wani ya jingina ba?"

"Shi ya sa kullum nake tsayawa a wurin, in tare shi da jikina. Kowa ya zo sai ya kewaye ni. Yau kaɗai na sauka."

Uwar Auta ta ɗago kai. Muryarta ba ta tashi ba.

"Da safe na ce mata, in ba ki gan shi ba fa? Ta ce, Inna, ai na san wurin Baba, inda yake tsayawa kullum. Nan zan jira shi."

Dattijon ya miƙa hannuwansa tun Sajan bai ciro ankwa ba.

Motar 'yan sanda tana tsallaken kogi, dole ta gadar suka bi. Sajan ya matsa gefe zai dafa ƙarfe, sai dattijon ya ce, "Bi tsakiya, ɗana. Kada ka dafa."

Ba a yi sadakar bakwai ba masu yankan ƙarfe suka iso. Daga ɗakinta uwar Auta tana jin ƙarar injinsu tun safe har yamma. Mata suka ce ta bari a fitar da kujerar, ta ce a bar ta. Tana nan a tokare da bulo, ba mai zama a kai.