Jiniyar Da Ta Yi Shiru a Ɗakin Fenti

Ƙarfe sha ɗaya saura na safe aka bugo wa Sufeto waya: wani ma'aikaci ya mutu a masana'antar kujerun ƙarfe, cikin ɗakin fesa fenti.

Kafin ta isa an fito da shi an lulluɓe. Dogo ake ce masa, shekararsa ashirin yana fenti a nan. Fankar da ke zuƙe hayaƙin ɗakin ce ta tsaya yana ciki, ƙofa a rufe. Har yanzu warin sinadari na yanka maƙogwaro.

"Ba ku da jiniya?" Sufeto ta tambayi manaja.

"Akwai, ranki ya daɗe. Fanka na tsayawa take kuka. Ƙaddara ce, lalacewa ta yi."

Ta sa aka danna maɓallin gwaji. Jiniya ta ɓarke da ihu har sajan ɗinta ya toshe kunne. Manaja ya hau share gumi.

Ta sallami kowa, ta tsaya daga ita sai mai lantarki. Ya buɗe akwatin bango, ya nuna mata na'urar da ke daidaita gudun injin fankar.

"Hanya biyu take fitar da saƙo," in ji shi. "Ta farko tana kunna koriyar fitila. Ta biyu da hannuna na saita ta: injin ya yi zafi ko ya tsaya, ta tayar da jiniya."

Ya latsa, ya sake latsawa. Sai hannunsa ya tsaya cak.

"An sauya. An kashe ta biyun."

"Yaushe?"

"Litinin, tara da minti ashirin. Ga shi ta rubuta."

"Wa ke da lambar sirrin?"

"Ni kaɗai."

"To kai ne ke nan."

"Wallahi ranar ina asibiti, matata na naƙuda!"

"Aljani ne ya sauya? Miƙo wayarka."

Ta bi jerin kiran Litinin da yatsa. Tara da minti goma sha biyu: foman, shugaban ma'aikata. Mai lantarki ya sunkuyar da kai.

"Cewa ya yi gudun fanka zai ɗan rage. Hankalina ba ya jikina, na karanta masa lambar. An hana ni ba kowa, tsoron kora ya sa na ɓoye."

Foman na ofis tun zuwan 'yan sanda, kofur na gadinsa, bai yi magana da kowa ba. Idanunsa sun kaɗa jawur. Dogo yayan matarsa ne, Dogon ne ma ya samo masa aikin.

"Ka kira mai lantarki ranar Litinin?" Sufeto ta tambaye shi.

"Barka na yi masa."

"Tun ba a haihu ba?"

"Jikinta na tambaya."

"Akwai wanda ya taɓa na'urar nan."

"Ni ina na san ta, ranki ya daɗe? Ko an ɗora min wuƙa ban san yadda ake kashe hanya ta biyu ba."

Sufeto ta ajiye biro a hankali.

"Wa ya ce maka ta biyu ce?"

Foman ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Masu duba masana'antu ne za su zo ranar. Ragar fankar ta toshe, injin na zafi, jiniya na kuka sau biyar a yini. Na ce in rufe bakinta na wuni ɗaya, in sun tafi in mayar, in sa a wanke ragar. Suka tafi suna yaba mana. Na manta. Wallahi mantawa na yi! Yau da safe ma ni na ce Yaya ya shiga."

Sajan ya ɗaura masa ankwa. A bakin ƙofa ya tirje.

"Ranki ya daɗe, don Allah kada a gaya wa matata tukuna."

Sufeto ta leƙa taga. Wata mata na tsaye a bakin get, takalmi ƙafa ɗaya, tana tambayar mai gadi ina yayanta, ina mijinta.

Masana'antar ba ta da wata ƙofa.

"Mu je," in ji Sufeto.