Mutum-mutumin Da Ya Tsaya Sallama

Ranar da ruwan Agusta ya rusa ɗakin Kaka Ishatu a Tudun Wada, ranar jikarta Bahijja ta fara ganin Suhaibu. To, ba shi ta fara gani ba, 'ya'yana, mutum-mutumin da yake sarrafawa ne, dogo, na ƙarfe. Shi Suhaibu yana cikin motar masu aikin ceto a ƙofar gida, da gilashi a ido da safar hannu mai wayoyi. In ya ɗaga hannu ƙarfen ya ɗaga, abin da ƙarfen ya gani shi ma ya gani.

Kaka na ƙarƙashin azara, jama'a na cewa a yi sauri, sai ga abin nan ya tsaya cak a zaure yana rangaɗa sallama. Bahijja ta amsa tana kuka, ta ce ya shigo mana, wa ke jiran izini yau? Ba a jima ba ya fito rungume da tsohuwa, da ranta.

Da Bahijja ta kai ruwan sha mota, ta tarar da saurayi sharkaf da gumi. Ya karɓa, ya kasa ɗago ido.

Bayan kwana uku ta samo lambarsa ta rubuta: "Mai sallama, Kaka ta ci tuwo yau. Mun gode."

Ya amsa: "Alhamdulillahi. Ni kuwa tun da na ji muryarki ban sake jin ta kowa ba, Bahina."

Soyayya ta yi nisa, sai mahaifinta Malam Nagoda ya ce sam. Namijin da ya gama kallon cikin gidansa ta idon na'ura, mata ba mayafi, ba zai zama surukinsa ba. Ga wani Adnan na unguwar Hanwa ma ya turo neman aurenta. Suhaibu ya daina kira don girmama Malam, ita kuwa ta ɗauka ya haƙura da ita, ta bi ta rame.

Kaka ta sa aka kira mata ɗanta.

"Baban Bahijja, kana kasuwa ranar, ni ce a ƙarƙashin ƙasa. Zanina ya kwance. Yaron nan ya juyar da fuskar ƙarfen bango, ya lalubo ni kamar makaho, sai da ya lulluɓe ni da zanin gado sannan ya dube ni. Samo mini irinsa a Hanwa."

Malam ya gyara zama, ya ce a gaya wa yaron ya turo magabatansa.

Bahijja ta ruga ɗaki ta rubuta wa Suhaibu: "Mai sallama, an amsa maka. Shigo!"

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Abokan aikinsa suka kawo mutum-mutumin sanye da hula, Kaka ta riƙe hannunsa ta ce wannan nata ne, Bahijja ta je da na cikin mota.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa rufin ɗakinsu ya fi na Kaka ƙwari.