Wadha da Awda a Kwarin Faynan

Ranar da Wadha ta fara aiki a wurin tonon kayan tarihi na kwarin Faynan, ta ɗauki wani baƙin dutse ta jefa cikin shara. Wani dogon saurayi mai jan rawani ya tsince shi ya dawo mata da shi.

"Ɗalibar jami'a, wannan ba dutse ba ne. Kashin tagulla ne, mutanen Edom suka narka shekara dubu uku da suka wuce."

Kunya ta rufe ta, shi kuwa ya yi murmushi ya koma raminsa. Awda ke nan, shugaban masu tono, ɗan makiyayan kwarin. Bai wuce sakandare ba, amma ko farfesa sai ya tambaye shi kafin a sa cebur a ƙasa.

Kullum da hantsi yakan kawo mata shayi. Ita tana karanta masa abin da Attaura ta faɗa kan sarkin Edom da ya hana mutanen Annabi Musa wucewa, shi yana nuna mata hanyoyin da ayari zai iya bi. Tana kiransa Malam Duwatsu, yana ce mata Barewa.

Da ta koma gida garin Tafila hutu, saƙonsa ya riske ta: "Barewata, yau na haɗa shayi kofi biyu, sai da na zuba na tuna ba kya nan."

Ta amsa: "Ka shanye duka, Malam Duwatsu. Ran Asabar zan dawo."

Da maganar aurenta da Awda ta taso, mahaifinta Abu Nayif, tsohon malamin tarihi, ya ce sam. Bai kai ta jami'a don ta ƙare a tanti ba, ga kuma ɗan ƙaninsa Haitham, likitan haƙori a Aƙaba, yana sonta. Haitham ɗin ne ya kawo hoto: Awda shi kaɗai ranar Juma'a, yana tono a gefen tsauni. Ya ce ɓarawon kaburbura ne.

Wadha ta gane rawanin. Ta yi kuka, ta daina ɗaga wayar Awda. A rana ta huɗu ya rubuto: "Ba zan rantse miki a waya ba. Ki roƙi Baba ya zo ya gani da idonsa."

Abu Nayif ya je tare da Wadha, da niyyar ya kunyata shi a gabanta. Awda ya hau da su tsaunin. Ashe ambaliya ce ta buɗe wani tsohon kabari, shi kuma ya yi ta mayar da ƙasa da duwatsu don kuraye da ɓarayi, har jami'an gwamnati suka iso. Suna nan ma suna awo. Matar da aka binne a ciki tana kwance, duwatsun wuyanta ba wanda ya ɓata.

"Me ya hana ka ɗauka?" in ji dattijon.

"Kawu, kakar wani ce."

Shekara talatin Abu Nayif yana koyar da Edom a allo, bai taɓa taka wurin ba. Har la'asar yana bin Awda yana tambaya. Wadha ta matso kusa da Awda a hankali ta ce ya yafe mata.

"Na yafe tun kafin ki iso, Barewa."

Bayan wata biyu dattawan kwarin suka cika falon Abu Nayif. Aka zuba wa babbansu gahawa, ya ajiye bai sha ba, ya ce sai an ba su abin da suka zo nema.

"Ku sha gahawarku," in ji Abu Nayif. "Na ba ku Wadha."

A kwarin aka yi biki, aka ci mansaf, wato shinkafa da naman rago, a tantuna bakwai. Abu Nayif ya haɗa hannayen ango da amarya, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Kowa ya ce amin.