Sanyin Ruwan Bakina

Na rasa sanyin ruwa a bakina, na samu 'yata Hansai. Ku matso ku ji.

Ni Tabawa maginiyar tukwane ce. Tun rasuwar mai gidana ban roƙi kowa ba. Mutanen jami'a suka zo, wai wuta ta yi tsada, suna son ƙananan randuna a jera a bangon babban ɗakin karatu, ruwa na ɗiga, iska ta ratsa ta yi sanyi. Na ja su ciniki har suka yi gumi.

Mu idan za mu ɗebi yumɓu sai mun yi sallama, kuma tukunyar fari ta mutanen ɓoye masu ramin ce. Ɗan kwangila ya tura tifa. Suka kwashe ramin, suka farfasa tukwanen da iyayenmu suka bari.

Ɗakin karatu ya yi sanyi. Hansai ta kwanta. Jikinta kamar garwashi, allura ba ta yi ba, rubutu bai yi ba. Ranar da ta daina gane ni, na tafi ramin ni kaɗai, rana tsaka.

Wata tsohuwa na tsaye cikin taɓo. Ƙafarta ba ta nutse ba. Muryarta kamar daga cikin randa.

“Maginiya, 'ya'yana na ƙonewa. Kun kwashe mana sanyi.”

“Ba ni na turo tifa ba, Iya.”

“Hannunki ya gina. Dawo da randunan.”

“An kama su da siminti.”

“To ba ni yarinyar, ta riƙa yi musu fifita.”

Na ce, “Albarka. Ga baƙin bunsuru.”

“Bunsuru sanyi ne?”

Na taya sabbin tukwane, na taya ɗakina. Ko kallona ba ta yi ba. Can ta ce, “Sanyin ruwan gidanki. Duk wanda ya sha, ya ji ɗumi.”

“Gidan duka? Ko a kasuwa ba a yi mini haka. Bakina ni kaɗai.”

“Har ki mutu.”

“Banda azumi.”

Ta yi dariya, ƙasa ta motsa. “Kurɓin farko na buɗa-baki. Ban ƙara.”

Na koma gida na tarar da Hansai zaune tana neman koko. Na ɗebi ruwan randa na kurɓa, na ji kamar an sauke daga murhu.

Kada wanda ya je ramin nan shi kaɗai. Ni na je, kuma ga yadda muka sallama: ruwan ɗumi har kabari, kurɓi ɗaya mai sanyi in an sha ruwa da azumi. Da ta hana kurɓin ma, da na karɓa.